Babi na Biyar: Ruwan Shuka da Maganar Masu Hasashe

A ƙasar Shagari babu shawarar da ta kai ta ranar shuka nauyi. Manomin gero a Horo Birni in ya yi sakaci a noman farko yana iya gyarawa a maimai, in ya makara da taki ba zai tashi a tutar babu ba. Amma idan ya zuba irinsa a ruwan da bai kai na shuka ba, sai dai ya sake komawa rumbu ko kasuwa. Ruwan yakan zo da dare, a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, da iska da tsawa, gari ya waye da ƙamshin ƙasa. Da sassafe maigida ya nufi gona, ya durƙusa ya tona da hannu ya ga iya inda laima ta shiga. In ta gamsar da shi, sai a ɗauko sungumi. Shi yana gaba yana sara, yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Bayan kwana 3 ko 4 tsiro ya leƙo. Daga nan kuma sai sama ta ɗauke, kwana 10, kwana 15, iska mai zafi tana kwasar rairayi tana dukan 'yan tsiron har su ƙone. Wanda ya yi binne ma bai tsira ba, domin yayyafin da ya isa ya tada iri amma bai isa ya raya shi ba ya fi rashin ruwan gaba ɗaya yi masa ɓarna.

Yanzu gida ya samu sabon mai ba da shawara, wato wayar hannu. Akan ji irin wannan a zaure:

"Kai, mi wayag ga taka tac ce?"

"Baba, ta nuna akwai ruwa jibi."

"Haka tac ce ran Talata."

Tambayar da ke bakin dattijon ita ce ta wannan babi: maganar masu hasashen yanayi abin kamawa ce? Ba a amsa ta da e ko a'a, domin hasashe iri-iri ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Akwai wanda za ka iya jingina da shi ka yi barci. Akwai kuma wanda, a ƙasarmu, bai fi lissafin tsofaffi da komai ba. Abin damuwar shi ne waya tana nuna su duka da fuska ɗaya.

Hasashen zafi da na sanyi da na hazo ba sai an daɗe a kansu ba. Idan Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, ta ce cikin kwana 3 masu zuwa zafi zai haura digiri 40 a Sakkwato, to a tanadi ruwan sha da inuwa, don da wuya ta kuskure da fiye da digiri ɗaya ko biyu. Zafi abu ne mai faɗi, yana rufe ƙasashe a lokaci guda. Wanda aka yi a ƙarshen azumin 2024 ya kama tun daga Mali, inda garin Kayes ya ga digiri 48.5 a ranar 3 ga Afrilu, har zuwa arewacin Najeriya. Ƙurar hunturu kuwa an san mahaifarta. Mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi take tasowa, tauraron ɗan'adam yana ganin tashinta, kuma tana bukatar lokaci kafin ta iso mu. Gargaɗin hazo abin ɗauka ne ga direba da mai asma da ma'aikacin lafiya da ke sa ido kan sanƙarau.

Ruwan sama ne mai wuyar sha'ani, kuma shi ne abin da manomi yake tambaya.

Hoton girgije da ɗigo uku da ke kan waya, ba wani ne ya leƙa saman Horo Birni ya zana shi ba. Mafi yawan manhajojin nan suna kwaso bayanansu ne daga manyan kwamfutoci na Amurka ko na cibiyar hasashe ta Turai da ke Reading a Ingila. Kwamfutar tana yanka sararin duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita 9 zuwa 13 ko fiye. Sai a ba ta abin da aka auna na zafi da laima da gudun iska, ita kuma ta lissafa yadda iskar kowane gida za ta tura ta maƙwabcinsa, mataki-mataki, har zuwa gobe da jibi da gata. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya wallafa wannan dabara a 1922, lokacin da babu abin lissafi sai takarda da fensir. Sai a 1950 aka fara gwada ta da kwamfuta a Amurka. Tun daga nan ake samun ci gaba a hankali, kusan ƙarin kwana ɗaya a duk shekara 10, ma'ana hasashen kwana 6 na yau ya kai ingancin na kwana 5 na shekara 10 da suka wuce. Amma akwai bango. A 1963 Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan kuskure ƙanƙani a awon farko yana ninkuwa har ya cinye lissafin duka, don haka bayan kamar mako 2 babu mai iya faɗar yanayin rana takamaimai. Manhajar da ke nuna maka ruwan ranar 25 ga watan gobe ba ta da abin da ta dogara da shi.

Wannan ci gaba na gaske ne, sai dai mafi yawansa a ƙasashen sanyi aka same shi. Ruwansu yana zuwa ne a cikin manyan guguwoyi masu faɗin kilomita 1,000 ko fiye, waɗanda ake hango tahowarsu daga teku tun saura kwanaki. A can karin maganar nan ta Juma'ar da za ta yi kyau tana aiki: tun Laraba ake gane ta. Namu ruwan ba haka yake ba.

Duk wanda ya yi damina a ƙasar Sakkwato ya san yadda babban hadari yake zuwa. Rana ta yi zafi, iska ta tsaya cik, gumi na tsiyaya. Can wajen la'asar ko cikin dare gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin. Sai wata iska mai sanyi ta riga ruwan isowa, ta tada jar ƙura, ta kwashe shanya, ta ɗaga kwanon da ba a danne da dutse ba. Mata na kiran yara, makiyayi na kora dabbobi. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya na ƙasa da awa ɗaya, sannan ya koma yayyafi mai tsawo, walƙiya na nisa tana yin yamma. Masana sun bi sawun irin wannan hadari da tauraron ɗan'adam sun gano cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan yankin Sahel daga 'yan manyan hadarai ƙalilan yake fitowa. Da yawansu ana haifarsu ne da rana a kan tuddai, kamar duwatsun Azbin a Nijar ko tsaunukan Jos, su kama hanyar yamma da gudun da ya kai na babur a kan hanya, wani ya mutu bayan awa kaɗan, wani ya kwana yana tafiya har ya ƙetare ƙasashe.

Matsalar tana wajen haihuwar. Hadarin da zai zama dodo da dare, da azahar ɗan girgije ne da bai kai faɗin gida ɗaya na kwamfutar ba. Abin da ke tada shi a nan ya bar can yana iya zama ɗan tudu, ko iyakar da ke tsakanin ƙasar da ta jiƙe shekaranjiya da wadda ta bushe. Mai tuwo ta san talgenta ya kusa tafasa, amma ba za ta iya nuna maka ta inda kumfan farko zai ɓullo ba. Kwamfuta ma tana iya cewa sararin yammacin Nijar da Sakkwato ya nuna, akwai laima, akwai zafi, hadari na iya tashi. Ko zai bi ta Boɗinga ya bar Shagari, ko ya sauke a Dandin Mahe ya tsallake Horo Birni, wannan ya fi ƙarfinta. Manomi ya riga kowa sanin haka, tunda ya sha ganin gonar ƙaninsa ta sha ruwa tasa tana ƙura.

A 2018 wasu masana na jami'ar fasaha ta Karlsruhe a Jamus, Peter Vogel da Peter Knippertz da abokan aikinsu, suka auna abin da ma'auni. Suka ɗauko hasashen ruwan kwana 1 zuwa 5 da manyan cibiyoyin duniya suka yi wa arewacin Afirka mai damina na tsawon shekaru, suka gwada shi da abin da ya sauka. Abokin karawar da suka ba kwamfutocin mai sauƙi ne: tarihi. Wato mutum ya buɗe littafin shekarun baya ya ce, a irin wannan mako an saba samun ruwa kaza. Sakamakon ya girgiza masu sana'ar. Ɗanyen hasashen kwamfuta sau da yawa ya gaza littafin tarihi, kuma ko bayan an gyara shi da lissafi, da ƙyar ya kamo shi ko ya ɗara shi kaɗan. Wannan ɗanyen hasashe, ko ɗan'uwansa, shi ne yake isowa wayar yaron nan.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ba daga sama yake ba. Lissafi yana bukatar awo, mu kuwa ba mu cika aunawa ba. Hukumar yanayi ta duniya ta sha nanata cewa yawan tashoshin awo a Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin 8 na mafi ƙarancin abin da ake bukata ba. Babbar tashar da ake dogara da ita a wannan yanki tana filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, kudu da birnin Sakkwato ta wajen Boɗinga. Idan aka ce ruwan Sakkwato a shekara yana kai milimita 600 zuwa 700, labarin ma'aunin irin wannan tasha ake bayarwa. Ruwan da ya sauka a gonakin Horo Birni bai shiga cikinsa ba. Balan-balan ɗin da ake saki su auno iskar sama, da na'urar rada mai ganin cikin hadari, duk sun yi ƙaranci a Afirka ta Yamma. Saboda haka kwamfutar tana fara lissafi da hoton da bai cika ba, kuma bayan ta yi kuskure babu mai gaya mata.

Sai maganar "kashi 60 cikin 100", wadda ta jawo wa masu hasashe zagin da ba su ci ba. Cibiyar Turai ba sau ɗaya take lissafin gobe ba. Tana yin sa kusan sau 50, kowane da ɗan canji a awon farko, sannan a duba nawa ne suka ba da ruwa. Wanda ya ce kashi 60 bai yi alkawarin ruwa ba. Cewa ya yi, in aka tara ranaku 10 masu irin wannan alama, 6 za a yi ruwa, 4 ba za a yi ba. Ranar da ba a yi ba, bai yi ƙarya ba. Ana kama shi ne idan aka tara ranakun da ya ce kashi 60 aka tarar 2 kacal cikin 10 suka kawo ruwa. Ba a yanke wa mai hasashe hukunci da rana ɗaya, sai da littafi. A ganina duk hukumar da ke son a yarda da ita ya kamata ta riƙa buɗe wannan littafi a ƙarshen kowace damina, jiha-jiha, da harshen da manomi yake ji: ga abin da muka ce, ga abin da ya faru.

Wasu kuma ba ingancin abin ne ya dame su ba, halaccinsa ne. Sukan ce ruwa na cikin abubuwan da Allah Ya keɓe wa kansa saninsu, kamar yadda ƙarshen Suratu Luƙman ya nuna, kuma ga hadisin Hudaibiyya da ya yi kashedi ga mai jingina saukar ruwa ga tauraro. Magana ce mai nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. Amma ƙasar nan ta malamai ce. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Cikin ilmin da zaurukan malaman ƙasar Hausa suka riƙe har yau akwai lissafin taurari 28 na shekara, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai 14. Dattijo yana ce maka an shiga Nasara ko Ɗarfa, ya san tsakiyar damina ce. Malamai sun bambance tsakanin mai cewa tauraro ne ya yi ruwa, da mai cewa bisa al'adar da Allah Ya gudanar, a wannan lokaci akan samu ruwa. Na biyun bai shiga gaibu ba, kamar yadda wanda ya ga shamuwa ta dawo, ko ya ga gawo ya fara zubar da ganye, ko ya ji iska ta juya tana busowa daga kudu maso yamma, bai shiga ba. Mai hasashe na gaskiya alamu yake karantawa, kuma shi ya fi kowa sanin iyakarsa. Lissafin taurarin nan kuwa, in aka duba da kyau, ɗan'uwan littafin tarihin nan ne da masanan Karlsruhe suka sa kwamfuta ta kara da shi.

Hasashen damina sukutum wani abu ne dabam, kuma daga wahala aka haife shi. Bayan farin 1972 da 1973 ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Fari ya sake dawowa a 1983 da 1984. A 1986 masana a hukumar yanayi ta Ingila suka nuna cewa yawan ruwan Sahel yana da alaƙa da ɗumin ruwan tekunan duniya. Teku ba ya saurin canzawa, don haka abin da aka auna a Afrilu yana ba da haske kan Agusta. Tun 1998 masanan Afirka ta Yamma suke taruwa kafin kowace damina su fitar da matsaya ɗaya. NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, tana fitar da nata a farkon shekara, da ranakun da ake sa ran faɗuwar damina da ɗaukewarta da yawan ruwa har zuwa matakin ƙaramar hukuma, kuma ana fassara shi da Hausa.

Ya taɓa yin rana. A 2008 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta dogara da hasashen cewa ruwa zai yi yawa, ta nemi kuɗi ta girke kayan agaji a Afirka ta Yamma tun ambaliya ba ta zo ba. A 2024 ma an yi gargaɗin damina mai ruwa fiye da yadda aka saba a Sahel, kuma kowa ya ga abin da ya faru a Nijar da Chadi, da Maiduguri a watan Satumba. Ga mai noman fadama wannan gargaɗi ya fi ma amfani, domin ruwan da ke cinye shinkafarsa sau da yawa ba a kansa ya sauka ba, daga sama gulbi ya kwaso shi. Mutanen Sakkwato ba su manta Satumbar 2010 ba, lokacin da gulbin Rima ya cika ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Amma hasashen damina rinjaye yake nunawa, kuma na yanki ne mai faɗi. Ya fi iya faɗar jimillar ruwa a kan yadda ruwan zai rarrabu, alhali gero rabon ya fi damunsa. Milimita 600 da suka sauka daki-daki suna cika rumbu. Milimita 600 da rabinsu ya zuba a mako 2, aka kuma yi kwana 20 babu ɗigo lokacin da gero ke fitar da kai, sunansu fari. Ranar faɗuwar damina kuwa ita ce mafi wuya. A 1988 wani masani a cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, M. V. K. Sivakumar, ya tsara ma'aunin da ake yawan amfani da shi: damina ta faɗi idan aka samu milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. A lura da sharaɗi na biyu. Ko masani ba ya tabbatar da cewa ruwan daren jiya na shuka ne sai bayan wata guda, manomi kuwa da safen nan zai yanke shawara. Don haka ranar da aka rubuta wa Shagari a littafin NiMet tsakiyar zango ce, ana iya riga ta, ana iya wuce ta. Amfaninta shi ne, in ruwa ya zo mako 3 kafin ita, mai hankali ba zai juye irinsa duka ba. In kuma an ce damina za ta makara ko ta gajarta, sai a nemi iri mai saurin nuna kamar Sosat tun kafin ya yi tsada.

Sama ma tana canza hali. Binciken da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa hadarai mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Ruwa ya dawo bayan shekarun fari, amma ya dawo da fushi. Wannan yana rage wa lissafin tsofaffi ƙarfi, tunda an gina shi ne a kan daminar da aka saba.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, akwai hasashen ruwa guda ɗaya da yake da ƙarfi a ƙasarmu, wato na 'yan awoyi. Da zarar hadari ya haɗu, ya daina ɓuya. Taurarin Meteosat suna ɗaukar hoton Afirka duk minti 15, sabon da aka harba a Disambar 2022 kuma duk minti 10, har da ƙirga walƙiya. Hadarin da ke kan Gusau ko Maraɗi da magariba yana yin yamma, ana iya cewa nan da awa kaza zai kai ƙasar Sakkwato. Wannan ba zai gaya wa kowa ranar shuka ba. Amma zai hana a watsa taki ruwa ya wanke, ya sa a kwashe hatsin da aka shanya, ya tsayar da mai kwalekwale a bakin gulbi. Ma'aikatan NiMet sun samu horo a kan wannan aiki tare da jami'ar Leeds a wani shiri da aka fara a 2017. Abin da ya rage shi ne hanyar da saƙon zai bi ya isa Horo Birni cikin rabin awa, ta gidan rediyon Rima ko ta saƙon waya da Hausa, tun yana da amfani.

Awon kuma ba sai an jira rada ba. Ma'aunin ruwan sama mazubi ne mai zane a jiki, a kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo, a duba shi kowace safiya a rubuta. Tun 1982 hukumar yanayi ta Mali ta fara raba wa manoma irinsa, tare da jadawalin da ke nuna yawan milimitar da in an samu a wane lokaci za a iya shuka, manoman kuma suna aika abin da suka auna ana haɗa shi da shawarar da ake karantawa a rediyo. Ƙaramar hukumar Shagari mazaɓu 10 gare ta. Ma'auni ɗaya a makarantar firamare ta Horo Birni, ɗaya a Kajiji, ɗaya a Lambara, ɗaya a Jaredi, haka har su cika, da malami ɗaya a kowace da zai riƙe littafin, cikin damina 5 za a iya ɗora abin da aka yi hasashe kusa da abin da ya sauka a kowace mazaɓa, a ga wane hasashe ne ya cancanci a fitar da iri saboda shi.